Injin da Ya Sha Kitse

Ranar da aka shigo da ƙarfen nan gidanmu na Bromakoté a Abijan ina bakin famfo ina wanke shinkafa. Sai na ji mai wotoro, kurar nan ta turawa, yana nishi a ƙofar gida, mijina Malam na biye da shi yana jan ƙafa yana ba shi umarni kamar shi ya haife shi. Da suka sauke abin a gaban ɗakinmu sai da siminti ya amsa. Wani dunƙulen ƙarfe ne da tsatsa ta gama cinye fentinsa, da faifan dutse ɗaya a dama ɗaya a hagu, ga wata guntuwar waya tana lilo a bayansa.

"Malam, wannan kuma gawar mene ne?"

"Injin wasa wuƙa ne," in ji shi. "Na Turawan da. A wurin 'yan tsohon ƙarfe na tsinto shi, saura kaɗan su farfasa shi."

"Da ka ƙyale su. Ai sun fi ka gaskiya."

Bai kula ni ba. Ya jawo kujera ya zauna a gabansa yana shafa shi da hannun dama, yana murmushin da na daɗe ban gani a fuskarsa ba.

Mijina Malam Nomau mahauci ne. Ya fi shekara arba'in yana tsaye a teburinsa a babbar kasuwar Treichville, kullum ya haye gada ya tafi, ya hayo ya dawo yana ƙarnin nama. Bara hawan jini ya kayar da shi a bakin teburin, ya tashi da hannun hagu a sake da ƙafa mai ja. Hannun dama na nan da ƙarfinsa, sai dai ba a saran nama da hannu ɗaya. 'Ya'yanmu maza biyu suka karɓi teburin. Akwai babban, sunansa Abdussamad, amma bakina bai taɓa kiransa da shi ba tunda ɗan fari ne, sai ƙanensa Fatihu. Dukansu suna unguwar Arras da iyalansu.

Yaran kirki ne, ba zan yi musu ƙarya ba. Kirkin nasu ne ma ya ishe ni. Sun haɗa kai sun gina mana ɗaki biyu a Madawa, can Nijar, suka yanke cewa bayan Layya za mu koma gida mu huta. Gida! Ni da na bar Madawa ina amarya da lalle a ƙafa. Waɗanda na sani a can duk ƙasa ta rufe su. Su kuma masu cewa gida, in aka sauke su a tashar garin sai sun tambayi hanya da Faransanci. Wai haka ake yi, tsoho in ya gaji sai a mayar da shi. Na ga an yi wa mutane da yawa. A sa mutum a mota da sabuwar tabarma da buhun shinkafa, kafin a shekara sai a bugo waya a ce a je gaisuwa.

Saboda haka ko da nake tsokanar Malam, na gane abin da ya kawo. Mutumin da ke da sana'a a ƙofar ɗakinsa ba wanda zai ce masa ya gaji. Na ajiye shinkafar na zo na tsuguna.

"To me za a fara yi masa?"

"Kalanzir," in ji shi. "Da tsumma. Da haƙurin da ba ki da shi."

Haka muka shiga aiki, shi baki ni hannu. Sandar da ke juya duwatsun ta ƙage, ko motsi ba ta yi. Muka yi ta ɗura mata kalanzir safe da yamma har ta fara yarda. Notunan kuwa sai na taka injin da ƙafa na rataya a kan sifana kafin su saki, kuma Malam bai faɗa mini cewa na gefen hagu a juye yake kwancewa ba sai da na kusa tsinke bayana ina ƙara ɗaure shi. Na goge tsatsa da sanfefa har yatsuna suka yi ja. Da muka cire duwatsun sai ya ce in rataye kowanne a yatsa in ƙwanƙwasa da gindin muciya. Wai in dutse lafiyayye ne zai yi ƙara mai daɗi, in ya tsage a ciki sai ya amsa a dishe, kuma tsagaggen dutse in ya fashe yana gudu sai ya kashe mutum. Na ƙwanƙwasa mai kaushin ya amsa, na ƙwanƙwasa mai laushin shi ma ya amsa. Malam ya ce alhamdu lillahi kamar an yi masa albishir da jika.

Abin da ya shafi wuta ba mu taɓa ba. Muka kira Alu, mai gyaran wutar unguwa, ɗan Hausawa ne amma haihuwar Abijan, Hausarsa duk rabi da rabi. Ya buɗe, ya busa, ya gwada da 'yar na'urarsa, ya sa sabuwar waya.

"Papa, moteur ɗin nan solide ne, ba a yin irinsa yanzu," in ji shi. "Saura rulma. Sun bushe. A wanke su a cika su da giris, bon giris, ba na banza ba."

Rulma su ne zoben ƙarfe masu 'yan ƙwallaye da sandar ke juyawa a cikinsu. Alu na fita Malam ya taɓe baki.

"Giris! Ni za a koya wa kiwon ƙarfe? Tun uban yaron nan bai yi aure ba nake shafa wa wuƙaƙena kitse, tsatsa ba ta taɓa kallonsu ba."

Ya aika kasuwa aka kawo masa kitsen ƙodar bijimi, fari tas, irin wanda mahauci ke ɓoye wa kansa. Ya sa na narkar da shi a kasko na tace. Da ya fara daskarewa ya cusa a rulma har ya yi amai, ya shafe jikin injin, ya shafe sandar, har sabuwar wayar Alu ya bi da tsumma wai don ta yi sheƙi. Ni ma, Allah ya sani, ban ga aibu ba. 'Yar mahauta ce ni kuma matar mahauci. A gidanmu ƙofa in ta yi kuka kitse ake sa mata.

Ranar da aka kunna, injin ya tashi a hankali ya ɗauki gudu, ba girgiza ba ƙara, sai wani gunji mai laushi. Na yi guɗa ban san na yi ba. Ba a jima ba da ya ɗau ɗumi sai gidan gaba ɗaya ya ɗauki ƙamshin suya. Akissi, maƙwabciyarmu 'yar ƙabilar Bawule mai sayar da kifi da acake, wato dambun rogo, ta leƙo tana buɗa hanci.

"Tanti Lami, ana biki ba a gayyace ni ba?"

Kuliyoyin unguwa ma sun zo sun jeru a kan katanga. Malam ya wasa mini wuƙaƙen girki, ya wasa na Akissi, ya wasa almakashin wani tela. Yana ta fara'a. Ni kuwa ina tsaye ina kallon hannunsa. Da hannu ɗaya yake riƙe wuƙar, kuma duk lokacin da dutse ya fizga sai ta zame masa, ya maido da ita da sauri yana satar kallona. Na gani sarai, amma na kawar da kai na yi kamar ina korar kyanwa.

Ya aika wa tsofaffin abokansa na kasuwa cewa su kawo wuƙaƙensu ran Litinin bayan la'asar, a fara shirin Layya. Abin da ba mu yi tunani ba, ƙamshin da ya kira kuliyoyi ya kira wasu ma. Ɓerayen Bromakoté ba irin na ko'ina ba ne, kyanwa ke ba su hanya. Kwana da kwanaki suna walima a ƙarƙashin buhun da muke rufe injin da shi, mu ba mu sani ba.

Ran Litinin Ibrahimu Dogo da Awwalu suka zo da wuƙaƙensu a naɗe cikin takardar siminti. Babban ɗanmu ma ya biyo su, tunda a kasuwa ya ji labari, ya tsaya a bakin ƙofa ya harɗe hannu. Malam ya sa sabuwar riga. Ya yaye buhun, ya yi bismillah, ya danna.

Wani tartsatsi ya tashi da ƙara kamar an harba bindiga. Hayaƙi baƙi ya turnuƙe, warin ƙonannen kitse da roba ya cika gidan. Wani ƙaton ɓera ya fito daga ƙarƙashin injin ya bi ta tsakanin ƙafafun Awwalu, shi kuma ya yi tsalle ya watsar da wuƙaƙe. Wutar gidan gaba ɗaya ta ɗauke. Akissi ta fito da hannu a ka tana kiran kifinta da ke cikin firiza. Masu haya suka firfito kowa na magana da yarensa. Ibrahimu Dogo ya yi iya ƙoƙarinsa ya riƙe dariya, sai kafaɗunsa ke rawa.

Aka kira Alu. Ya duba wayar da ɓeraye suka gwaguye har tagulla, ya sa yatsa a rulma ya shinshina.

"Papa, wannan mene ne? Wannan ba giris ba ne fa."

Sai babban ya matso.

"Baba, ça suffit. Ya isa. Yau gidan mutane ka kusa ƙonawa, gobe kuma me? Ba za mu jira bayan Layya ba. Ku je ku yi sallar a gida."

Na jira in ji Malam ya daka masa tsawa, irin tsawar da a da ke sa kasuwa ta yi tsit. Amma ina! Ya dubi injin, ya dubi hannunsa na hagu da ke rataye, ya ja ƙafa ya shige ɗaki. Bayan kowa ya watse na same shi kwance yana fuskantar bango.

"Lami, ki fara ɗaure kayanki," in ji shi. "Yaran sun yi gaskiya."

Ban taɓa jin haushin mutumin nan irin na ranar ba. Da faɗa ya yi mini da na ji sauƙi. Na ce a raina, wato ɓera ne zai kore ni daga garin da na haifi 'ya'yana? Wallahi ba a yi ɓeran ba.

Washegari na kwance duwatsun da kaina, tunda yanzu na san wane noti ke juyawa ina. Na nemo mai wotoron nan ya ɗora injin, na bi shi a ƙafa har layin masu naɗin waya a kasuwar Adjamé, ina kauce wa motocin hayar da ake kira baka da masu talla. Mai naɗin wani Bajula ne mai furfura. Da ya buɗe cikin injin ya ga daskararren kitse da kashin ɓera, sai ya kira maƙwabtansa su zo su gani, ya tambaye ni da Julanci ko inji na kawo masa ko tukunyar miya. Na ce ya gama dariyarsa ya faɗa mini ko zai tashi. Ya ce zai tashi, wayar cikin ce ta ƙone, za a naɗa sabuwa.

Sauran sassan na kwaso su gida. Na tafasa ruwa na wanke su da toka da sabulu har sai da na shinshina ban ji komai ba. Na sayo rulma sababbi da giris na gaskiya, mai warin gareji, wanda ko ɓeran da ya haukace ba zai lasa ba. Da injin ya dawo Alu ya zura wayarsa cikin bututun ƙarfe, ya yi masa maɓalli nasa daban don kada ya sake taɓa wutar mutane. Na je na ba Akissi haƙuri na wanke mata firiza. Duk wannan kai da kawo a ƙofar ɗaki ake yi, Malam na ciki yana ji. Ko leƙowa bai yi ba. In na shiga sai ya rufe ido wai barci yake yi.

Ran Lahadi da hantsi yaran suka zo, kuma ba su zo su kaɗai ba. Sun ɗauko Alhaji Maiwada, dillalin shanu, dattijon 'yan garinmu a nan Abijan, wanda in ya yi magana ba a mayar masa. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗaki, na kawo ruwa, na gaishe shi a durƙushe. Abin da ya kamata in yi daga nan shi ne in koma madafa in bar maza su yanke yadda za a yi da ni. Na koma, amma kunnena na wurin.

Fatihu ya fito da tikitin mota biyu ya ajiye a kan tabarma. Alhaji ya gyara murya ya fara, a hankali, da daɗin baki.

"Nomau, mun yi ƙuruciya tare, ba zan ruɗe ka ba. Jiki ya yi magana. Allah ya ba ka 'ya'ya masu jin ƙai, sun yi maka abin da ba kowa ke samu ba. Ka je ka zauna a inuwa, ka yi sallarka cikin jam'i, ka huta."

"To, Alhaji," in ji Malam, kansa a ƙasa.

Wannan "to" ɗin ita ta tashe ni. Na shiga ɗaki na jawo ƙunshin wuƙaƙensa daga ƙarƙashin gado, waɗanda bai taɓa ba tun faɗuwarsa. Na zaro babbar, ta yanka, mai ƙotar ƙaho, wadda ko yaran bai taɓa bari sun riƙe ba. Na fito na wuce ta gabansu, na yaye buhun, na danna maɓalli.

Injin ya tashi da gunjinsa. Maganar Alhaji ta tsaya a tsakiya.

Na san mijina. Zai iya haɗiye dariyar abokansa, zai iya haɗiye tikiti, amma ba a haifi mahaucin da zai zauna yana kallo ana ɓata wuƙa ba. Da gangan na tsayar da bakinta a tsaye na danna a kan dutse mai kaushi. Ta yi wani kuka mai tsinka haƙori, tartsatsi ya watsu har kan tabarma.

"Ke! Ke Lami! Kin haukace ne?"

Ban waiwaya ba. Na ƙara dannawa.

"Za ki ƙona mata baki! Ɗaga! Na ce ki ɗaga!"

Ban san yadda ya tashi ba. Mutumin da sai an kama shi yake miƙewa, sai ga shi a bayana yana huci. Ya cafke wuyan hannuna da hannunsa na dama ya janye wuƙar, ya tsoma ta cikin gwangwanin ruwa, ya ɗago yana duba bakinta kamar mai duba idon jariri.

"Allah ya so ba ta yi shuɗi ba. Da kin kashe ta. Wa ya ce miki a tsaye ake riƙewa? Kwantar da ita. Ƙara. Haka. Hannun hagunki a kan bayanta, yatsu nesa da dutse. Kada ki danna, dutsen ya san aikinsa. Ja daga gindi zuwa tsini, kada ki tsaya wuri ɗaya."

Hannunsa bai bar wuyan hannuna ba. Shi ke jin abin da dutse ke faɗa, ni ke riƙe da hannu biyu. Wuƙar ba ta zame ko sau ɗaya ba. Mu ja, mu tsoma a ruwa, mu juya. Kukan ya koma wani sassanyan shuu, tartsatsin ya zama 'yan ƙanana. Muka koma kan dutse mai laushi. Yana yi yana faɗa, wai hannuna ya yi tauri, wai tuƙin tuwo ne kaɗai na iya, ni kuwa daɗi ya cika ni har idona ya kawo ruwa.

Da muka gama ya kashe injin da kansa. Ya karɓi wuƙar, ya ce in ɗaga masa hannun hagunsa. Na ɗaga. Ya ɗora bakinta a kan damtsen nan da ba ya jin komai ya ja sau ɗaya. Gashi ya zube, fata ta fito sumul.

Fatihu ya saki baki. Babban ne ya fara magana, fuskarsa a murtuke.

"Inna, vraiment! A gaban Alhaji? Kuma yaushe mace ta fara wasa wuƙar yanka? Me za a ce da mu a kasuwa?"

"A ce uwarku na aiki," na ce. "Ko sata aka kama ni ina yi?"

Na juya wajen Alhaji. Na san ba tarbiyya ba ce, kuma ban damu ba.

"Alhaji, ka gafarce ni, tambaya gare ni. Ka girmi Malam. Na ji an ce kai ma 'ya'yanka sun gina maka gida a Madawa, har da bene. Me ya hana ka zuwa ka zauna a inuwar?"

Alhaji ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar.

"Awakin ƙanena ke kwana a ciki," in ji shi. "Na je sau ɗaya na yi sati. Ba wanda ya san ni sai a waya." Ya sha ruwa ya ajiye kofin. "Abdussamad, kun ce in zo in yi magana na yi. Wannan kuma ta fi ƙarfina."

Babban ya miƙe. Na ɗauka zagi zai biyo baya, sai na ga idanunsa sun yi ja.

"Inna, ni na ɗauke shi daga ƙasa a kasuwa ranar nan. Ni, ba wani ba. Hannu ɗaya ya rage masa. In dutsen nan ya cinye shi fa? In ya sake faɗuwa a kan injin yana gudu? Kuna ganin korarku muke yi?"

Maganar ta shige ni, don gaskiya ce, kuma tsoron da ke cikinta ni ma ina da shi. Na sassauta murya, amma ban ja da baya ba.

"Hannuna ne a kan dutsen, ba nasa ba. In zai faɗi, a jikina zai faɗi. Ka ji ni, yaro. Yayar Fatihu, Halimatussa'adiya, tana kwance a maƙabartar Williamsville. Uwata ma nan aka rufe ta da ta zo jinya. Inda mutanena suke nan ne gidana. Ba zan je in zauna a sabon ɗaki ina jiran mutuwa da baƙi ba."

Ya dubi ubansa. "Baba, kai fa?"

Malam na goge wuƙar a gefen rigarsa. "Ka ji abin da uwarka ta ce."

"Motar Laraba da safe ce," in ji babban. "An riga an yanka tikiti. Za mu zo da taksi." Ya sa takalmi ya fita, ko sallama bai yi ba. Fatihu ya raka Alhaji yana waiwayen injin.

Ban ɗaure ko cokali ba. Kafin Talata labari ya zaga Bromakoté cewa injin tsohon mahaucin ya tashi, kuma matarsa ke riƙe wuƙa. Wasu don aiki suka zo, wasu don kallo. Layya ta ƙarato, kowane magidanci ya tuna da wuƙar da ya jefa bayan kwaba tun bara. Wani ya tsaya yana gunaguni wai shi ba zai ba mace wuƙar ragonsa ba. Malam ya ce masa ƙofa a buɗe take, ya je ya yanka da cokali.

Laraba da safe muna kan aiki taksin ya tsaya a waje. Mutane na zaune a kan benci da wuƙaƙe da adduna a naɗe cikin tsumma, Ibrahimu Dogo na cikinsu, ya dawo da nasa ba dariya. Yaran suka shigo. Fatihu ya leƙa ɗaki ya ga gado a shimfiɗe, tukwane a inda suke, ya fito ya jingina da bango. Babban ya ratsa mutane ya zo ya tsaya a gefenmu. Ya daɗe yana kallon yatsuna, yana kallon hannun ubansa a kan nawa. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, amma ban ɗaga wuƙar daga dutse ba.

"Baba," in ji shi, sai da ya ɗaga murya saboda gunjin injin. "Mota za ta tashi."

"To, ta tashi lafiya," in ji Malam. Ya matsa wuyan hannuna. "Lami, juya ta. Wancan gefen bai ci ba."